Dutsen Niƙa Biyu a Ƙarƙashin Laka

Kwana uku ke nan hadari yana haɗuwa ta wajen teku yana watsewa. A Jidda in aka ce lokacin ruwa ya zo, ba damina ake nufi ba irin tamu ta gida. 'Yan kwanaki ne a shekara, sama ta yi nauyi, zufa ta manne maka riga a baya, sannan ko dai ta zubo gaba ɗaya ta cika lunguna, ko ta wuce ta bar ka da ciwon kai. Ni kuwa gwiwoyina suna riga kowa sani. Shi ya sa jiya ban fita kasuwar Bab Makka da furata ba, na zauna a ɗakinmu a nan unguwar Bani Malik ina tsince gero a faifai.

Jikata Hanan ta shigo da waya a hannu kamar kullum. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta cakuɗa da Larabci. Sitti take ce mini, wato kaka. Ta durƙusa kusa da ni ta ce in kalli wani abu. Turawa ne a Ingila, cikin dogayen takalman roba, a wani fili kore shar a bakin kogi, sun yanka ƙasa suna kankararta da ɗan cokalin magina kamar ba su da aikin yi. Ta fassara mini cewa tun zamanin da Rumawa suka mallaki ƙasar, tun kafin zuwan Manzon Allah, akwai mutanen da suka zauna a wurin suna noma, saboda ƙasar bakin kogi tana da albarka. An tono fasassun tukwanensu, da kuɗin ƙarfe da suka yi kore, da ƙusoshi, da wurin murhu. Wai abin da masu tonon ba su daidaita a kai ba shi ne dalilin da ya sa mutanen suka tashi.

Na ce ta mayar da hoton baya, ta tsayar. A gefen ramin akwai wani kewayayyen dutse mai huda a tsakiya. Ba irin namu ba ne, amma wadda ta yi niƙa ba a nuna mata dutsen niƙa. Na tambaye ta ko a cikin ɗakin suka same shi. Ta saurara, ta ce e, kusa da murhu.

"To ba tashi suka yi ba," in ji ni.

Ta yi dariya, ta ce ina na sani, ni da ban taɓa shiga aji ba? Ja'ira. Da wata rana ce da na yi mata tas. Amma jiya faifan na ajiye, na ce ta zauna, na ba ta labarin da ko ubanta bai taɓa ji ba.

Ƙauyenmu yana kan tudu, kogi yana can ƙasa, tsakaninsu fadama ce mai faɗi. In ka tashi da fitowar rana, sai hantsi ya dubi ludayi za ka isa bakin ruwa. A lokacin da nake magana ban fi shekara ashirin ba, ina gidan Malam, kakan Hanan, da 'yata ta fari tana tatata. Shekara biyu a jere fari ya ci gonakin tudu. Ka shuka, ya tsiro, ya kai tsawon ɗan yatsa, ya kwanta. Ka sake shukawa da irin da ka hana bakinka, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Mun ci dusa, mun ci ganyen da a da awaki kawai ke kallo. Da idona na ga mata suna tona gidan tururuwa suna sheƙe ƙwayar da ta tara, ban kuma tsaya kallo ba, ni ma na ɗauko ƙwarya.

Kogi ma ya ja jiki. Shekara uku bai fito fadama ba, wurin da a da ake kamun kifi ya zama fili yana darewa. Da bazara ta uku ta shigo, Malam ya ce ba zai ƙara binne irinsa a jigawa ba. Akwai wani ɗan tudu a tsakiyar fadama da ake ce wa kufai, wato inda mutane suka taɓa zama suka bari. Babu wanda ya san ko su waye, ko tsofaffin garin ma sai su ce mutanen da ne. Ƙasar wurin baƙa ce, tana riƙe danshi, ko'ina ka taka sai ka ji tsingaron tukunya a ƙafarka. Can ya ce za mu koma mu yi damina. Gidaje huɗu muka sauka, kowa ya kafa bukka nesa da ɗan'uwansa a bakin gonarsa. Jakinmu ya kai mana kaya sawu uku, har da dutsen niƙan da aka kawo ni da shi gidan aure. Bayan mako biyu aka sayar da jakin aka auno dawa.

Zafin bazarar nan ban taɓa ganin irinsa ba, har a Jidda. Nan zufa ce ke damunka, can kuwa zufar ma bushewa take yi kafin ta gangaro. Ruwan sha ya zama aiki, don kogin ya koma 'yan kududdufai masu wari. Malam ya ce bari mu haƙa 'yar rijiya a gefen kufan. Yana ciki yana sara, ni ina sama ina karɓar ƙasa a kwando ina zubarwa, yarinya tana ƙarƙashin zanen da na ɗaura a kan kara huɗu.

Ramin ya kai wajen ƙirjinsa sai na ji dagi ya yi ƙara. Ya yi salati, ya kira ni in leƙo. Duwatsu uku ne a jere irin na murhu, da toka a tsakaninsu, fara fat kamar jiya aka sauke tuwo. A kansu akwai tukunya, ta tsage amma ba ta watse ba, marfinta yana kai. Ya ƙara buɗa gefe, sai ga dutsen niƙa, ya lotsa a tsakiya saboda aiki, ɗan dutsensa yana kwance a kansa. Akwai wasu 'yan duwatsun wuya guda biyar ko shida, da bakin wata randa da ba mu tono ba. Ƙashi ba mu gani ba, ba mu kuma nema ba.

Malam ya yi murna ƙwarai. Ya ce ashe gari ne sosai a nan, ashe mutanen da sun san inda albarka take. Muka kama muka fito da dutsen, muka jingine shi kusa da nawa.

Ni ba murna na yi ba. Innata maginiyar tukwane ce, tun ina ƙarama nake bin ta ɗiban yumɓu, ita ta koya mini duban bangon rami. Ta nuna mini ƙasar da iska ke tarawa, da wadda mutum ke tarawa da tokarsa da sharar gidansa, da wadda ruwa ke kwantarwa. Ta ruwa ba ta ɓuya: santsi gare ta, babu tsakuwa, tana hawa falle-falle. Da Malam ya fito shan iska na sauka ramin da kaina. Daga kan tukunyar nan har kamu uku zuwa sama, laka ce zalla ta kogi, har da kodi a cikinta irin na bakin ruwa. Na lasa, na tofar. Sannan na tuna wata maganar Inna da take yi in ta ga amarya za ta tare: mace tana iya manta ɗan kunnenta, amma ba ta ƙaura ta bar dutsen niƙanta. Wannan matar ta bar nata, da ɗansa a kai, da tukunya a wuta. Ba wanda ya gaya mini, amma na san yadda ta bar gidan nan.

Na fito ban ce komai ba. Na ce a raina ai shekara uku kogi bai motsa ba, kuma shuka kawai muka zo yi, in an girbe mu kwashe mu hau tudu.

Ruwa ya sauka a ƙarshen bazara, ya kuma zauna. Wayyo, ƙanshin ƙasar nan! Har yau in an yi yayyafi a kan kwalta a nan sai in buɗe hanci ina nemansa, ba na samu. Muka shuka gero a kan kufan, masara kaɗan a gangare. Geron ya fito baƙi ƙirin, karansa kamar rake. Amma mai noma ya san yunwar damina ta fi ta rani ciwo, don kana kallon abinci yana girma ba ka da ikon taɓa shi. Da safe in dafa tafasa, in matse, in barbaɗa gishiri, mu ci mu shiga gona. Da rana rama. In an yi sa'a an sami garin rogo, ranar sallah ce. Maƙwabtanmu na fadama mukan haɗu mu yi wa wannan noma yau, gobe wancan, babu mai dafa wa kowa komai, kowa ya zo da yunwarsa ya koma da ita.

Cikin haka abu biyu suka same mu. Ciki ya bayyana a jikina, na Bashir uban Hanan, don haka aka ce in yaye yarinyar, na yaye ta. Tun daga ranar rayuwarta ta koma kan kunu, kunun kuwa na gero ne ko na dawa, ba a yin sa da ganye. Kowace safiya nakan niƙa ɗan abin da bai cika tafin hannu ba, in dama mata, mu manya mu kau da kai. Na biyu, kurkunu ya fito wa Malam a idon sawu, daga ruwan kududdufin da muka sha da bazara. Ƙafar ta kumbura ta yi jawur. Kullum sai ya zauna ya naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe. Da gwiwa ya ƙarasa maimai, yana jan jiki tsakanin kunya da kunya.

Ranar da muka fara gasa tumu, yarinyar ta ci har ta yi barci da zangarniya a hannu. Na zauna ina kallon cikinta yana hawa yana sauka. Muka girbe, muka shanya, muka ɗaure. Dami arba'in da biyu. Ban taɓa ganin arziki irin wannan a gidan Malam ba. Ya tsaya da sanda yana dubawa, hawaye yana bin gemunsa, yana cewa ta ƙare, yarinya ta tsira.

Saura kaiwa gida. Rumbunmu yana can kan tudu, wayam, yana jira. Jaki babu. Na aro babu, don waɗanda suka rage a garin an yi musu layi, kuma masu su ma nasu suke kwasa. Malam ko taku ashirin ba ya yi sai ya zauna. Wato ni ce zan ɗauka, dami ɗaya a kai, ciki wata bakwai a gaba, ƙafafuna sun kumbura har ba na ganin idon sawuna. Na gwada rana ɗaya. Na kai dami biyu, sawu biyu, a na biyun na faɗi a cikin taɓo na daɗe ban tashi ba. Da na dawo na kwanta a bukka ina jin bayana kamar an sara.

Washegari Malam ya ce ya yi tunani. Zai saƙa rumbun zana a nan kan kufai, mu zuba hatsin, mu zauna har ƙafarsa ta warke, ni kuma in sauka lafiya. Biyu daga cikin maƙwabta sun riga sun fara kwashe nasu, sun ce ba su yarda da kogi ba, ya fara cika. Malam ya ce mutanen da ba wawaye ba ne. In da ruwa yana hawa nan, da ba su kafa gari ba, da ba su kai ga lotsa dutse haka ba. Sannan ya juyo ya dube ni. Mutum ne mai shawara da mace, abin da ba kowa ke yi ba a lokacin.

"Asabe, ke 'yar maginiya ce, kin kuma shiga ramin nan. Me kika gani a ƙasar?"

Na dubi damin nan arba'in a jibge. Na dubi hanyar tudu tana rawa cikin rana. Sawu arba'in. Na ji ɗan cikina ya motsa.

"Ƙasa ce kawai, Malam," na ce.

Shi ke nan abin da na faɗa. Ba wanda ya tilasta ni, ba shaiɗan ba ne, gajiya ce. Na gaya wa kaina damina ta kusa ƙarewa, na gaya wa kaina abin da ya sami waccan matar ya yi shekara ɗaruruwa. Malam ya kafa gwafanni, ya shimfiɗa itace, da yake babu duwatsu a fadama sai ya tokare gindin rumbun da duwatsun murhun da muka tono, da dutsen niƙan matar nan. Ni na miƙa masa su da hannuna. Nawa dutsen yana nan gefe, a inuwar rumbun nake niƙa.

Kwana goma sha ɗaya muka yi cikin daɗi. Ba zan ɓoye ba, daɗi muka ji. Tuwo safe da yamma, fura da rana. Kumatun yarinyar suka fara dawowa, ta koyi hawa kan dutsen niƙa tana tsalle tana faɗowa.

Ran na sha biyu gari ya waye tas, babu ko ɗigon gajimare. Kwana huɗu rabonmu da ruwan sama. Abin da na fara lura da shi tururuwa ce, ta yi layi tana hawa gwafannin rumbu da ƙwayayenta a baki. Sai wani wari, na taɓo da ruɓaɓɓiyar ciyawa, ya taso daga gabas. Ina tsugune ina wanke tukunya na ga ciyawar gangare tana motsi alhali babu iska. Ruwa ne yake tafe a cikinta, ja, shiru, ba ƙara ba gudu. An yi ruwan ne can wata ƙasa da ba mu sani ba, kogi ya kawo mana.

Da hantsi ya shanye masara. Malam ya ce ruwan zai tsaya a nan, ya kafa kara a bakin ruwan don ya gani. Kafin ya dawo ya zauna karan ya nutse. Kafin azahar kufan ya zama tsibiri, hanyar tudu ta ɓace, sai kawunan kara. Na goya yarinyar a sama da cikin, na tsaya a kan dutsen niƙana, ruwa yana lasar ƙafata, sanyi ƙarara. Kunamu da macizai suna ta fitowa suna neman inda za su hau. Malam ya hau rumbu da ƙafarsa mai ciwo yana fizgo dami yana ɗorawa a kan bukka, kamar bukkar ba a ƙasa ɗaya take da rumbun ba. Yana yi yana kiran sunan Allah, muryarsa ta dushe.

Wani masunci ne ya hango mu, ya zo da ɗan kwale-kwalensa. Ya ce jirgin ba zai ɗauki mu da hatsi ba, mu zaɓa, kuma mu yi sauri. Malam ya roƙe shi har ya yarda da dami uku. Masuncin ya ce zai dawo ya ɗauki saura in ya sauke mu. Ba mu yi nisa ba na waiwaya. Ruwa ya zare ƙasar da ke gindin rumbun, rumbun ya karkata a hankali kamar tsohuwa za ta zauna, sannan ya kwanta. Zangarniyoyi suka bazu a kan ruwa suna juyawa. Malam ya yunƙura zai faɗa, masuncin ya danne shi da gwiwa. Ni ban yi kuka ba. Yarinyar tana nuna geron da yatsa tana dariya.

Ruwan ya fi wata bai janye ba. Na haifi Bashir a kan tudu. Hatsinmu dami biyar ne ke nan, da biyun da na kai da kaina, kuma ukun da suka jiƙe rabinsu ya tsiro, rabi ya yi fumfuna. Dangi sun taimaka da abin da za su iya, amma wa ke da shi? Su ma shekara biyu suka yi suna bin tururuwa. Muka ja har tsakiyar rani. Daga nan aka koma dusa da ganye, cikin yarinya kuwa bai karɓi wannan ba. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, ta daina tsalle, ta daina kuka ma. Ina da nono, amma na jariri ne, tsofaffi suka ce in na ba ta zai kashe ta. Na ba ta a ɓoye sau da yawa, bai isa biyu ba. Ta rasu kafin ruwan farko ya sauka, ranar wata Laraba da hantsi, a kan cinyata.

'Yar fari ce. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, ba ta kuma kuka a fili in ya mutu. Na kiyaye wannan duka. Mata suna ta yaba haƙurina.

Kafin mu bar garin na koma fadama sau ɗaya, ni kaɗai. Kufan yana nan, amma an shafe shi sumul da sabuwar laka, ta bushe ta dare. Babu bukka, babu gwafanni, rijiyar ta cike. Na gane inda murhuna yake don bakin tukunyata ya ɗan leƙo. Na durƙusa na kankare gefen da farce. Santsi, babu tsakuwa, falle-falle. Dutsena yana ƙasa, ban tona ba.

A garin kuwa Malam ya zama abin misali. In yaro ya yi wauta sai a ce kai ma za ka kafa rumbu a kogi? Bai taɓa mayar wa kowa ba. Shi ya ce mu kama hanyar gabas, muka yi shekaru muna tafe muna tsayawa muna aikatau, har muka ƙetaro teku zuwa Jidda. Ya yi dako a Bab Makka har bayansa ya ranƙwafa, ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba komawa. Duk shekara in hadarin Jidda ya haɗu sai ya daina cin abinci. A ciwonsa na ƙarshe ya kama hannuna ya ce in yafe masa, shi ya kashe mini 'ya da taurin kansa. Na ce na yafe. Na dubi Hanan na ce, kin ji? Ni na ce masa na yafe. Shekara talatin da wani abu ina kwana ina tashi da mutumin nan, bakina bai taɓa buɗewa ya ce masa na gani ba.

Hanan ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta kife wayar a kan tabarma.

Muna zaune Bashir ya shigo daga aiki, rigarsa sharkaf da zufa. Ɗakinmu na ƙasa ne, sai ka sauka taki biyu daga lungu kafin ka shiga, kuma a nan buhunan gerona huɗu suke, waɗanda nake fura da su, su ne cinmu su ne shanmu. Na ce masa a kwashe su a kai saman bene, ɗakin da maƙwabta ke shanya. Ya ce haba Umma, hawa uku ne fa, shi kuma tun asuba yake ɗaukar kaya. Ya ce mutane sun fi shekara arba'in a lungun nan, in da ruwa yana shigowa da ba su zauna ba.

Muryar ubansa ce sak. Na tashi da ƙyar, na kama hannunsa na kai shi bayan ƙofa, inda fentin mai gida bai kai ba. Akwai wani layi a bangon, ruwan ƙasa, miƙaƙƙe, daidai ƙuguna. Tun ranar da muka tare na gan shi. Na kankara da farce na nuna masa abin da ya fito.

"Wannan laka ce, Bashir. Ruwa ne ya kwantar da ita. Na gani, kuma na faɗa."

Ya dube ni, ya dubi bangon, ya ce halas, wato shi ke nan, gobe da safe. Ban tsaya jayayya ba. Na ɗauko roba na cika da gero, na naɗa gammo, na ɗora a kai na nufi matakala. Taki ɗaya, in huta, taki ɗaya, in huta. Ban kai hawa na farko ba na ji shi a bayana da buhu a kafaɗa yana gunaguni da Larabci, Hanan tana biye da tukwane. Sawu tara muka yi. Har yanzu da nake wannan magana ruwan bai sauko ba, wataƙila ma ba zai sauko ba, Bashir ya samu abin tsokanata har shekara ta zagayo. Ya yi ta yi.

Da muka gama muka zauna a saman muna haki, hadari ya yi baƙi ta wajen teku. Hanan ta tambaye ni ko wata rana za a je a tona fadamarmu kamar yadda Turawan nan suke tona tasu. Na ce mai yiwuwa ne. In sun tona za su sami dutsen niƙa biyu kusa da juna, ɗaya ya lotsa sosai, ɗaya bai daɗe da fara aiki ba, su zauna suna gardama a kan abin da ya tashi mutanen.

Sai Hanan ta ce, "Sitti, yaya sunan yarinyar?"

Na buɗe baki. Shekara kusan hamsin ban kira shi ba, sai da na nemo shi kamar allura a cikin tsumma.

"Hadiza," na ce.